Makullin Saje Yohanna

"Ka murɗa ka buɗe, ka murɗa ka rufe." Haka na ji ɗayanku yana faɗa jiya a rumfar mai shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana latsa waya, wai shi ke nan aikin rabon ruwa. Sauran kuka kwashe da dariya. To, sannunku da sani. Shekara ashirin da shida na yi riƙe da makullin ƙofar ruwa a tsakanin Kura da Bunkure, kuma har na ajiye shi ban taɓa ɗora shi a kan ƙofa gabana bai faɗi ba. Ku da ko tiyon ban ruwa ba ku iya ɗanawa sai kun sha ruwan kanal kun ƙoshi, ku ne za ku gaya mini? Ku gyara zama ku ji labarin mutumin da ya koya mini aikin, da irin sakayyar da na yi masa.

Sunansa Yohanna, amma Saje kowa ke ce masa, don da igiyar saje ya baro soja bayan yaƙin basasa. Bahaushe ne kamar ni da ku, daga wata 'yar unguwar Kiristoci a bayan Bunkure, kakanninsa Maguzawa. Dogo ne, baƙi, yana ɗingisa ƙafar hagu saboda wani guntun ƙarfe da ya zauna masa a kwankwaso, likitocin soja suka ce a bar shi a nan. Da sanyi ya shigo, wato lokacin alkama, lokacin da aikinmu ya fi zafi, sai ƙarfen nan ya tasa shi gaba. Bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. Samari irinku su tare shi a bakin gada, "Saje, mutum nawa ka harbe?" Sai ya dube su ya ce, "Kowannensu da uwarsa," ya hau kekensa ya wuce.

A farkon shekarun tamanin aka haɗa ni da shi. Lokacin ina leburan yashe kanal, ina da mata da ɗa guda, ina kuma ji da kaina kamar yadda kuke ji yanzu. Ranar farko na miƙa hannu zan ɗauki makulli. Wani ƙarfe ne mai tsawon hannu, da marikai biyu, ana zura shi a kan zaren ƙofa, wato ƙarfenta mai murɗi irin na noti, a murɗa, ƙofar ta ɗaga ruwa ya wuce ta ƙasa. Saje ya janye shi ya miƙo mini sanda mai tsini da gwangwanin giris. Wata huɗu cur ban taɓa makullin nan ba. Aikina in bi gaɓar kanal da ƙafa tun daga kai har wutsiya, ina caka sanda a ƙasa. Ina tafe ina zaginsa a zuci, ina cewa tsohon soja ya samu kurtu.

Wata safiya ya tsaya a wata kwana ya ce, "Ilu, me ka gani?"

Na ce, "Ciyawa, Baba Saje."

"Ciyawar nan da ta can ɗaya ne?"

Na duba. Ta bayan gaɓa ta fi sauran kore, faɗin tabarma guda. Ya karɓi sandata ya caka, ta nutse har rabi ba tare da ya danna ba. Ramin gafiya ne ya ratsa gaɓar daga ciki har waje, ruwa na bi yana tsatsa. Muka wuni muna haƙa muna daɓe da jar ƙasa. Ya ce da mun bar shi kwana uku, da gonaki biyar sun koma tafki. Ni kuwa sau shida na wuce wurin a makon nan ban ga komai ba.

Ga dokarsa, ku buɗe kunne. Kanal ɗin ƙasa in ya yi kwanaki a bushe, tsagewa yake yi, wata tsagar hannunka zai shige. Ba a sako masa ruwa gaba ɗaya. Juyi biyu za ka yi wa makulli, ka tsaya. Ka bi kan ruwan da ƙafa yana tafiya kana tafiya har wutsiya, ƙasa tana sha tana kumbura, tsagar tana haɗewa. Ka dawo ka ƙara biyu. Tun hantsi kana iya kaiwa azahar ba ka cika kanal ba, manoma na tsaye a kanka suna tsaki. Sannan 'yan wutsiya ake fara ba, don su ne ruwa ke isa gare su a gajiye. Na kusa da ƙofa su jira, ba inda ruwa zai tafi ya bar su.

Manoman kuwa, kai! Allah dai ya shirya. Na kusa da ƙofa ya ga ka ba da baya, ya jefa tiyo goma a ranar da ba tasa ba, in ka kama shi ya ce iska ce ta tura. Wani ya zo da kwandon tumatir har bakin aiki, "Baba Saje, ga na miya a kai wa iyali." Saje ya ce, "Na gode, ranar ruwanka Talata ce," ya sa ni in ɗora kwandon a keke in mayar. A gabansa Baba Saje, ya juya baya arne. Ni da kunnena na sha ji, ban kuma taɓa tankawa ba. Shi ma yana ji. Wata rana na ce masa, "Baba, ba ka jin abin da suke cewa?" Ya ce, "Ina ji. Alkamarsu ce ba ta ce komai ba, ita nake ba ruwa."

'Ya'yansa bakwai, matarsa Saratu. In na biya masa da sassafe sai in tsaya a waje in jira su gama addu'a, shi da murya kamar ta ganga, yara na bi da waƙa. Ba ya fita sai ya tambayi kowane yaro abin da aka koya masa jiya. In mun tashi aiki yakan tsaya ya yi wa Saratu itace, ya ɗaure a bayan keke, maza na zaune a inuwa suna nuna shi da baki, wai saje guda mace ta mallake. Waɗannan mazan matansu ne ke tafe a bayansu da dami a ka. Babbar 'yarsa Rifkatu tana makarantar horon malamai, hotonta cikin kayan makaranta yana cikin Littafinsa Mai Tsarki. A ƙarshe-ƙarshen aikinmu tare yakan ce mini, "Saura shekara biyu in yi ritaya, ita kuma saura biyu ta gama. Na sauke, ta ɗauka." Duk gidan a kan aikin nan ya dogara, ba gona gare shi ba sai wata 'yar tudu ta damina.

Da ya yarda da hannuna sai muka yi wani shiri tsakaninmu. Ranar Juma'a shi kaɗai zai tsare ƙofa, ni in tafi masallaci a Kura ba gaggawa. Ranar Lahadi ni zan tsare, shi ya sa farin kaftaninsa da Saratu ta goge da dutsen guga na gawayi, ya jera iyalinsa su tafi majami'a, don dattijon ikilisiya ne. Ofis ba su san da wannan shiri ba. A takardarsu makulli sunan mutum ɗaya ke kansa, Yohanna, kuma doka ta hana shi miƙa wa kowa. Shekara uku muna haka ba abin da ya faru.

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta gaza, madatsar ruwa ba ta cika ba, aka ce ruwan rani sai bi da bi. Kanal ɗinmu ya yi kwana goma sha biyu ba ɗigo. Alkama ta fara fitar da kai, daidai lokacin da in ta rasa ruwa ba hatsi sai ƙaiƙayi. Ranar ruwanmu ta faɗo Lahadi, kuma a Lahadin nan fastonsu ya yi tafiya, Saje ne zai ja sujada. Da yammacin Asabar ya ce mini zai aika a nemi wani ya ja, shi zai zo bakin ƙofa. Ni na hana shi. Na ce, "Haba Baba, shekara nawa? Je ka yi ibadarka."

Ya daɗe yana juya makullin a hannu kafin ya ba ni. Ya ce, "Ilu, ƙasar nan ta tsage fiye da yadda ka saba gani. Juyi biyu. Ka bi ruwa har wutsiya. Kowa ya zo, juyi biyu."

Na ce, "Na ji, Baba."

Da hantsi na yi juyi biyun, ruwa ya fara rarrafe. Ina shirin binsa sai ga wata mota fijo fara ta tsaya a kan gaɓa. Wani Alhaji ne ɗan kwangila daga birni, yana da makekiyar gonar alkama dab da ƙofa. Bai san bambancin alkama da sha'ir ba, amma ya san kowa a ofis. Ya fito yana tattare babbar riga kada ta taɓa laka. Ya ce yana da ɗaurin aure a Kano kafin azahar, yana so ya ga ruwa a gonarsa da idonsa. In buɗe ƙofa duka, in jera katakai a 'yar madatsar da ke ƙasa da gonarsa, ruwa ya taru ya hau.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kanal a bushe yake, kuma 'yan wutsiya ake fara ba."

Ya ce, "Wa ya ce?"

"Saje."

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "Ina Sajen? Yana can yana kaɗa ganga. Kai ɗan Musulmi kana nan cikin rana kana yi wa arne dako. Wallahi kai ya kamata a ce sunanka ke kan makullin nan. Bari in ga aikinka yau, sauran ka bar mini."

Ku lura, ko sisi bai ba ni ba. Hannu kawai ya ɗora mini a kafaɗa, kaina ya kumbura. Na sauka na jera katakai. Na hau na kama makulli, ina murɗawa ina ƙirgawa, sai da na yi juyi goma sha ɗaya. Ruwa ya fito da ƙara, ja wur, ya daki katakai ya dawo, ya fara hawa. Alhaji na cewa, "Yauwa, ka ga aiki!" Yaransa na jefa tiyo. Ban yi tsawon shan kofin shayi ina jin daɗin kaina ba, na ga gaɓa a kwanar da ke saman gonar Malam Hudu tana gumi. Malam Hudu dattijo ne mai 'yar gona guda, ita ce abincinsa na shekara. Na ruga. Kafin in isa ƙasa ta zame kamar an yanka tuwo da mara, faɗin ɗaki, ruwan kwana goma sha biyu da mutane ke jira ya kwarara cikin gonarsa da yashi da komai.

Na tsaya ina salati. Ko tunanin komawa in rufe ƙofa ban yi ba. Da na waiga, fijo ta riga ta hau titi.

Wani manomi ne ya hau keke ya je majami'a ya kira Saje. Sai ga shi yana ɗingishi da gudu cikin farin kaftani, mazan majami'arsu na biye, kowa cikin kayan Lahadi. Bai dubi wajen ɓarakar ba, ƙofa ya nufa, ya rufe ta, ya sa aka zare katakai. Sannan ya faɗa ruwa har ƙirji, ruwan sanyin nan, da ƙarfen nan a kwankwasonsa. Ya jera mutane layi biyu, masu cika buhu da masu miƙawa, yana ba da umarni da wata murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba, kowa kuma ya bi, har waɗanda ke zaginsa. Ni kalma biyu kawai ya ce mini duk wunin: "Riƙe buhu." Sai la'asar sakaliya muka tsayar da zubar. Da aka jawo shi waje ƙafar hagun ta ƙi ɗaukarsa, mutum biyu suka tallafe shi.

Buhu ba ya gyara irin wannan ɓaraka. Kwana tara aka yi kafin a kawo mota a cike a daɓe, ranar ruwanmu kuma ta wuce zuwa wani kanal. Alkamar 'yan wutsiya ta tsaya a tsaye ta yi fari, kai ba ƙwaya. Gonar Malam Hudu yashi ya binne ta. Ta Alhaji kuwa ta sha ta ƙoshi kafin gaɓa ta fashe, ita kaɗai ta yi kyau a layin.

Aka kira mu ofis a Kura. Manoma sun cika harabar suna ihu, wai arne ya tafi coci ya bar musu ruwa ba mai tsaro. A cikinsu har da waɗanda shekara da shekaru shi ya hana a cinye musu rabo, har da waɗanda suka miƙa masa buhu yana cikin ruwa har ƙirji. Tir! Ba wanda ya ambaci fijo, alhali rabinsu sun gan ta.

Injiniya na zaune da fayil. Ya ce, "Yohanna, ina kake ranar Lahadi?"

"Ina majami'a, ranka ya daɗe."

"Makulli fa?"

"Na ba Ilu. Ba da izinin ofis ba. Shekara uku ina haka, ranar Juma'a kuma ni nake tsare masa."

Saje ba ya ƙarya, ko ta ceton kansa. Injiniya ya jinjina kai, da alama ba ya son korar tsohon. Ya ce ba da makulli laifi ne, amma na gargaɗi. Abin da yake so ya sani shi ne, an bar leburan da umarni ya saɓa, ko kuwa an jefa masa makulli an tafi? In na farko ne, lebura zai tafi. In na biyu ne, mai makulli. Ya juyo gare ni.

"Iliyasu, ya gaya maka yadda za ka buɗe busasshen kanal?"

Na tuna matata da tsohon ciki. Na tuna ihun da ke waje, da yadda zai koma kaina. Na ce, "Bai gaya mini ba, ranka ya daɗe."

Mutumin da ya yi wata huɗu yana sa ni bin gaɓa da sanda. Mutumin da ya maimaita mini juyi biyu har sau biyu da yammacin Asabar. Ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, kallo ɗaya, ya mai da idonsa ƙasa.

Injiniya ya ce, "Yohanna, haka ne?"

Saje ya gyara tsayuwa. Ya ce, "Ba ni da abin ƙarawa, ranka ya daɗe."

Aka sallame shi, ba ritaya ba komai. Bayan wata guda aka kira ni aka ba ni makullin, aka sa sunana a takarda. Ko Alhaji ya sa baki ko bai sa ba, oho, ban sake ganinsa kusa ba, ko gaisuwata bai ƙara amsawa ba. Manoma suka yi ta yi mini barka, wai yanzu ruwa ya dawo hannun ɗan gida. Kafin shekara ta zagayo su ne suka koma cewa zamanin Saje ya fi, don ni in aka kawo kwandon tumatir ban iya mayarwa ba sai daga baya.

Rifkatu ta dawo gida da akwatinta a ƙarshen zangon karatun nan, ba ta koma ba. Ta shiga sayar da ƙosai a bakin titi don ƙannenta su ci gaba da karatu. Saje ya koma aikin ƙodago a gonakin mutane, tsinkar tumatir da yankan alkama, yana jan ƙafa, don tun ruwan ranar nan kwankwason bai sake daidaita ba. Duk wannan a bakin mutane na ji. Hanyata ta zuwa ƙofar ruwa ta gaban gidansa ta bi, sai na canza, nake zagayawa ta bayan gari, tafiyar da ta ninka. In na hango dogon mutum mai ɗingishi a kasuwar Bunkure sai in shige rumfa in tsaya taya abin da ba zan saya ba. Shekara huɗu ina wannan rashin kunya.

A ƙarshen shekarun tamanin ya rasu, da damina. Ban je jana'iza ba. Rana ta uku matata ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, in ba ka je gaisuwar nan ba, ni zan je, kuma zan ce kai ka ƙi." Ita kaɗai na taɓa gaya wa gaskiya. Na tashi na tafi.

Tsakar gidan cike da mata 'yan zumuntar majami'a suna waƙa a hankali. Na yi sallama. Saratu na zaune a tabarma, ta rame. Ta ɗaga kai ta ce, "A'a, Ilu ne? Shigo mana. A ba shi wuri."

Na durƙusa na ce, "Mama, ya haƙuri? Allah ya ba da dangana."

Ta ce, "Haƙuri sai godiya. Saje ya bar maka saƙo. Ya ce in ka zo, don ya san za ka zo, in gaya maka ya yafe tun a ofishin nan, kafin ka rufe bakinka. Ya ce tsoro ne, shi kuma ya ga abin da tsoro ke sa maza yi a inda ya fi ofis. Abin da ya dame shi zagayen nan da kake yi. Kullum da yamma sai ya sa a fitar masa da kujera biyu ƙofar gida, ya ce wataƙila yau Ilu zai gaji da doguwar hanya."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, har na gwammace a ce zagina ta yi.

Sai wata mace ta fito daga ɗaki da kwanon sha. Ban gane ta ba sai da ta matso, hannayenta duk tabon mai. Rifkatu ce. Ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, ta ajiye ruwan a gabana, ta yi ƙasa da murya yadda uwarta ba za ta ji ba.

Ta ce, "Shi ne ya yafe, Malam Ilu."

Ta tashi ta koma ɗaki. Na zauna har aka yi la'asar, ruwan na gabana, ban iya ɗauka ba.